Mai shago ba malamin gona ba ne

Sana'ata sayar da iri da taki da maganin feshi. Shagona yana bakin kasuwar garinmu, nan kudancin Kano, ƙasar masara da shinkafa da waken suya, kuma daga saukar ruwan fari har zuwa marka ba kasafai nake cin abincin rana a zaune ba. Rabin mutanen da ke cika min benci ba saye ne ya kawo su ba, tambaya ce. Wani ya zaro ganyen masara daga aljihu, wani ya buɗe kwalin ashana da tsutsa a ciki, wani kuwa hannu rabbana, sai dai bayani: "Alhaji, gonar ce ta ƙi tashi." Ina faɗa musu iya abin da na sani. Sai dai wannan aiki ba nawa ba ne, kuma duk garin da mai shago ya zama shi ne malamin gonarsa, to garin yana tafka asara ko da mutanensa ba su lura ba.

Mu ɗauki masarar da ta yi ɗorawa, wadda ita ce ƙarar da aka fi kawowa. Tana iya zama yunwa ce, kuma ita wannan daga ganyen ƙasa take farawa, ta kama daga tsinin ganye ta bi jijiyar tsakiya. Tana iya zama ruwa ne ya kwanta a kwarin kunya saiwa ta kasa numfashi. Tana iya zama wuta-wuta ce ta riga ta maƙale a saiwa tana tsotsa tun ba ta leƙo sama ba. Akwai kuma cutar nan mai zana wa ganye layi-layi, wadda wani ɗan ƙwaro ke ɗauka daga shuka zuwa shuka. Ta farko yuriya take so. Ta biyu fartanya take so, a yanke wa ruwa hanya. Ta uku maganinta na baɗi ne: a cire ta kafin ta yi fure, a huta da masara a sa waken suya, a nemi irin da ke jure mata kamar SAMMAZ 15. Ta huɗu kuwa babu feshin da zai dawo da shukar da ta riga ta kamu. Kafin mutum ya san wacce ce a ciki, sai ya tsaya a gonar da ƙafarsa, ya ga inda abin ya fi tsanani, ya tumɓuke gindi ɗaya ya duba saiwa. Ni kuwa ganye ɗaya nake gani, shi ma ya sha zufa a aljihu.

Ga kuma ɗaya matsalar, wadda 'yan'uwana masu shago ba sa son a taɓo. Mu ba macuta ba ne, amma kayan da ke kan kanta bashi muka ɗauko su daga dila a birni, kuma kafin kaka ake son kuɗi. Shi ma manomin da ya biya kuɗin babur ya zo kasuwa ba ya son ya koma gida ba kwalba. In ka ce masa je ka buɗe wa ruwa hanya, sai ya yi maka godiya, ya matsa shago na gaba a ba shi maganin ƙwari. Matsayinmu ɗaya da mai kemis a garin da babu likita: ya san sunayen magunguna, bai duba mara lafiya ba, kuma abincinsa yana cikin sayarwa.

Na girma a lokacin da ba haka abin yake ba. Ina firamare malamin gona yake zuwa garinmu, kuma ranar zuwansa sananniya ce kamar ranar kasuwa. Sai da na girma na fahimci daga inda tsarin ya fito. A 1975 aka buɗe ayyukan raya noma guda uku da rancen Bankin Duniya, a Funtuwa da Gusau da Gombe. Da aka ga alamar nasara sai aka faɗaɗa su suka mamaye jihohi, mu a nan aka kafa KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, a farkon shekarun 1980, lokacin Jigawa ma tana cikin Kano. Daga baya aka ɗora malaman a kan tsarin horo da ziyara. Kowane malami yana da ƙauyukansa, kowane ƙauye yana da ranarsa cikin mako biyu. A cikin mako biyun nan kuma akwai ranar da su kansu malaman ke zama a koya musu abin da ya dace da wannan gaɓar ta damina, sannan wata-wata manyansu su zauna da masu bincike, irin na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wadda ke nan tun 1922. Ta haka abin da aka gano a Zariya yake isowa gonar Babanmu, kuma ƙorafin Babanmu yana da hanyar da zai bi ya koma Zariya.

Tsarin yana da nasa aibin. Yana da tsada, ya fi son zubo umarni daga sama fiye da sauraro, kuma sau da yawa manoman da ake zaɓa su zama abin koyi masu hali ne ko na kusa da fada. Amma akwai mutum, yana da babur, yana da mai a tanki, kuma in shawararsa ta ɓaci ka san inda za ka tare shi bayan sati biyu.

Abin da ya fi zauna min a rai shi ne shigowar Sasakawa, shirin noman da Ryoichi Sasakawa na Japan da masanin noma Norman Borlaug da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa a 1986, ya iso Najeriya a 1992. Su ba su ɗauki sababbin ma'aikata ba, da malaman gonan jiha suka yi aiki. Malaminmu ya zo gonar Baba da igiya mai ƙulli-ƙulli da ɗan tsinken itace. Ya ce tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 25, kowane rami ƙwaya ɗaya tak. Taki kuma ba watsawa za a yi ba, a huda ƙasa a gefen shuka a zuba a rufe, kamfa tun masara tana 'yar sati biyu, yuriya in ta kai gwiwa. Baba, wanda ya saba jefa uku ko huɗu a rami taku guda-guda, ya tsaya yana kallonsa da fartanya a kafaɗa.

"Malam, ƙwaya ɗaya? In ɓera ya tone fa, ko ta ƙi fitowa?"

"Baba, ban ce ka ba ni gonar duka ba. Ka yanka min wannan kusurwar kawai. Naka ya zauna yadda ka saba. Da kaka mu auna."

Ya ba shi kusurwar da ke bakin hanya, ina jin don mutane su ga abin dariya. Mu yara muka sha wahalar jan igiya da tsugunno, muna ƙunƙuni don aikin ya ninka na da. Lissafin da ban sani ba a lokacin shi ne, wannan tazara tana ba da gindi wajen 53,000 a hekta, kowanne da rabonsa na rana da taki, babu mai danne ɗan'uwansa. Yuriyar da aka binne kuma ba ta bin iska, ruwa ba ya wanke ta ya kai ƙorama. Kafin masarar ta yi goyo masu wucewa sun fara sauka daga keke suna leƙawa. Ranar da aka ɓare aka auna, Baba bai yi dogon jawabi ba, ya dai ce gani ya kori ji, ya kuma tambayi Malam ko zai bar masa igiyar. Yau babu mai shuka masarar sayarwa a yankinmu ta tsohuwar hanya, har yaran da ba su taɓa ganin wannan malami ba shukar sasakawa suke yi. Kuma bai sayar wa kowa komai ba.

Da kuɗin Bankin Duniya suka ƙare a tsakiyar shekarun 1990, abin ya fara zubewa a hankali. Babura suka tsufa, horon mako biyu ya koma na jefi-jefi, masu ritaya suka tafi ba a cike gurbinsu yadda ya kamata ba. Shirye-shirye kam ba a daina kawowa ba. An yi Fadama kashi-kashi, an yi rabon taki ta wayar salula a 2012, an ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Kebbi a 2015, an ɗauki matasan N-Power na noma a 2016. Kowanne ya amfani wasu, amma yawancinsu kaya ko kuɗi suka zo da shi, kuma suna da ranar ƙarewa. Abin da wannan ya haifar a zukatan mutane shi ne, malamin gona ya tashi daga mai koyarwa ya koma mai rubuta suna. In ya shigo gari da takarda a hannu za a yanyame shi. In ya zo da igiyar awo, sai a tambaye shi yaushe za a kawo taki.

Wanda muke da shi yanzu dattijo ne, ya kusa ajiye aiki, kuma garuruwan da ke wuyansa ko da mota ba zai zagaye su cikin wata ba. Babur ɗin nasa ne na kansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fitarsa ta koma sai in wanda ya kira shi zai zuba masa lita. Na ji masu cewa malaman gona ba sa aiki. Ni dai wanda na sani, a albashinsa yake sayen man da zai je duba gonar wani, kuma ban ga dalilin da zai sa in zarge shi in ya zauna a gida ba.

Shekarar 2016 ce ta nuna mana girman gurbin. A shekarar ne tsutsar tumatir da ake kira sharon ta share gonakin Kadawa da Kura, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ne kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Babu wanda ya san ta, iyayenmu ba su bar mana labarinta ba. Mutane suka yi ta haɗa magani kala uku a tanki ɗaya, suna fesawa da tsakar rana a bisa ganye, ita kuwa tana can ƙunshe a cikin zuciyar masarar tana ci. Mu masu shago mun yi ciniki a wannan damina ba kaɗan ba. Abin da ya kamata a sani kuwa gajere ne: ka riƙa zaga gona tun masara tana ƙarama, ka nemi ganyen da aka kankare kamar an goge shi da kuma kashin tsutsar mai kama da garin katako, ka yi feshi da sassafe ko da yamma lis, ka saita bakin injin cikin zuciyar shukar, ka same ta tun tana ƙarama kafin ta yi taurin kai, kuma kada ka nace wa magani iri ɗaya har ta saba da shi. Magana ce ta minti goma a tsaye cikin gona. Kafin ta isa kunnen kowa a garinmu an yi damina biyu ana zubar da kuɗi.

In maza suna da bencin shago, mata ko wannan ba su da shi. A garinmu mace ce ke ajiye wake, ita ke matsar man gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, ita ke kiwon kaji da awaki, kuma mata da yawa suna da gayaunarsu ko da ba su ne ke duƙawa a ciki ba. Malamin gona namiji iyakarsa zaure. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a ayyukan raya noma na jihohi, aka ɗauki malamai mata masu shiga har tsakar gida. Gwaggona a wurin irin wannan malama ta koyi yin awara da madarar waken suya, da su ta aurar da 'ya'yanta mata.

Wata malamar ce kuma, shekaru bayan haka, ta kawo musu buhun nan mai ciki uku. Kafin zuwansa, wake ba ya wuce wata biyu a ɗaki sai ka ji yana motsi, don haka ko dai a sayar da shi da kaka a wulaƙance, ko a barbaɗa masa fiya-fiya da magungunan da ba na abinci ba. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuwa da ba mu da mai hanawa muka ci gaba da dafa shi. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar buhun, daga aikin da suka yi a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, babu magani ko ɗigo. Iskar ciki ce ke ƙarewa ƙwarin su mutu.

Na ga yadda ta yi a tsakar gidan Gwaggo, don ni na dako musu buhunan. Ta sa aka shanya waken ya bushe har yana ƙara a haƙori. Ta hura ledar farko ta matse ta, don a ga ko akwai huda. Aka zuba wake, ta danna ta fitar da iska, ta murɗe bakin ledar ta lanƙwasa shi ta ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Gwaggo ta ce, "Malama, ba ko ɗan barkono?" Ta ce, "Inna, ko toka kada ki sa. Ki dai ɗora shi a kan katako, ki nisanta shi da ɓera, kuma kada yara su buɗe su ɗebi na ɗanwake." Aka ajiye buhu ɗaya a gidan mai gari, aka ce sai bazara. Ranar buɗewa matan unguwa suka cika gidan, kowace ta cusa hannu ta damƙo. Tun daga lokacin cinikin maganin ajiyar wake ya ja baya a shagona, na koma sayar da buhun, kuma ribarsa ba ta kai ta maganin ba. Wane mai shago ne zai ɗauki ƙafa ya shiga gida-gida ya koyar da abin da zai rage masa ciniki? Haka zancen kaji yake. Duk hunturu cuta na share su, alhali akwai rigakafin da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi wanda ake ɗigawa a ido, amma sai an samu mai haɗa matan unguwa a rana ɗaya, don kwalba guda ta kaji da yawa ce. Yanzu babu malama ko ɗaya da ke zuwa garinmu.

Matasa kuwa, in kana son ka ga inda suke a harkar noma, duba wanda ke goye da injin feshi. Feshi ya zama sana'ar samari, ana biyansu a kan tanki. Su ne ke karanta takardar jikin kwalba in sun iya, in ba su iya ba su auna da gwangwanin madara. Za ka gan shi da singileti da silifas, iska na dawo masa da maganin a fuska, in bakin injin ya toshe ya sa baki ya hura, ya gama ya sha madara wai ta wanke ciki. Injin da aka fesa maganin ciyawar shinkafa da shi jiya, yau a ɗauraye shi sama-sama a shiga gonar wake, kwana uku ganye ya murɗe, a zo a ce min na sayar da jabu. Waɗannan yaran su ne suka fi kowa buƙatar malami, kuma su ne suka fi saurin ɗauka. Da muna makaranta akwai ƙungiyar matasan manoma, kowane aji da kunyoyinsa. Filin yanzu an yanka shi an yi shaguna.

Wani ɗan garinmu da ya yi karatun noma a Amurka ya ba ni labarin yadda nasu yake. Tun dokar 1914, jami'o'in noma na jihohi ke riƙe da aikin, kuma kusan kowace gunduma tana da ofishinta. Ita Purdue ɗin da ta kawo mana buhu ita ce ke yi wa jihar Indiyana wannan aiki. A ofis ɗaya za ka samu mai kula da manoma, da mai kula da abinci da tattalin gida, da mai kula da ƙungiyar yara ta 4-H, inda yaro zai yi kiwon maraƙi ko tunkiya, ya rubuta duk abin da ya kashe a littafi, ya kai dabbarsa bikin baje koli na gunduma a gwada. Ban yi sha'awar gine-ginensu da motocinsu ba, wannan arziki ne. Abin da ya tsaya min shi ne kuɗin aikin kashi uku ne, gwamnatin tarayya da jiha da ita kanta gundumar. Wanda ya sa kuɗinsa yana da bakin tambaya. Batun yara kuma, namu ai suna kiwon ragon layya tun ba su kai sakandare ba. Littafin ne babu, da mai dubawa ya ce dusar nan ta yi yawa, harawa ta yi kaɗan, ga abin da ka ci riba.

Za a ce ai yanzu akwai waya da rediyo. Gaskiya ne, kuma ina amfani da su. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa kowace shekara a waya nake ganinsa in karanta wa mutane, kuma shirye-shiryen noma na rediyo sun fi ni isa lungu. Samari suna ɗaukar hoton ganye su tura a WhatsApp. Amma a wannan wayar dai ake turo bidiyon wanda ke cewa a haɗa gishiri da kalanzir a fesa wa shinkafa, kuma babu mai tare shi bayan sati biyu.

A bara ƙungiyar manoman garinmu ta yanke wata shawara. Kowane mamba zai ba da kwano ɗaya na masara da kaka, a sayar a ajiye kuɗin man babur, Malam ya riƙa zuwa sau biyu a wata daga shuka zuwa girbi, ya shiga gonaki ba ya zauna a kasuwa ba. Mu masu shago uku muka ce za mu ba da iri da takin gonar gwaji, amma sakataren ƙungiya ya kafa mana sharaɗi, kuma na ga dacewarsa: ba za a kafa allon kowane shago a bakin gonar ba, kuma Malam ne zai zaɓi irin da za a gwada. Ya zaɓi masara iri biyu da wake SAMPEA 20-T, wanda aka saki a 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, don mutane su gani da idonsu ko rage feshin da ake faɗa gaskiya ne. Ya kuma ware safiya guda ya tara 'yan feshi a filin makaranta, ya sa kowa ya cika tankinsa da ruwa zalla ya taka fili a auna yawan abin da yake zubarwa.

Ba kowa ya yarda da tsarin ba. Wani dattijo ya miƙe a taron ya ce, "Ranku ya daɗe, albashinsa gwamnati ke biya da harajinmu. In muka fara saya masa mai, gobe allura da alli ma mu za mu saya." Yana da hujja, kuma har yau bai ba da kwanonsa ba. Wasu kuma suka ce kuɗin bai kai a kawo malama mace ba, sai matan suka ce su za su yi adashinsu daban in an samo musu wadda za ta zo. Ana kan neman ta. Shi kuma Malam saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma da sakatare ya je ofishinsu ya tambayi wanda zai gaje shi, an ce masa ya rubuto takarda.